Saurin Yatsa Da Takardar Likita

 

Cikin wasiƙun da suka iso teburina a 'yan kwanakin nan akwai ta wata yarinya da ke zaune a Anguwar Rogo, nan cikin garin Jos. Ta roƙi kada in faɗi sunanta, na kuwa amsa mata. Ta ce yau shekara biyu ke nan da ta gama sakandare, ta kuma yi kos na wata shida a wata makarantar koyon kwamfuta, har ta kai tana buga kalma 40 a minti ɗaya. Sai wani ya ba ta labarin wata sana'a ta buga bayanin likita, watau likita ya yi magana cikin na'ura, wani kuma ya saurara ya mai da maganar rubutu. Wai Turawa suna biyan dala a kan wannan aiki, amma ba sa ɗaukar kowa sai mai buga kalma 80. Tambayarta ita ce, shin ta ƙara zuba ɗan abin da mahaifiyarta ke tarawa daga sayar da masa a neman wannan sauri, ko kuwa ta haƙura ta nemi wata hanya?

To, ƙanwata, tun da kuɗin masa ne, wanda ake tashi tun asuba cikin sanyin Jos a hura wuta kafin a same shi, bai kamata in ba ki amsa ta wasa ba. Amsata a taƙaice ita ce, sauri yana da amfani, kuma shi ne abin da za a fara gwada ki da shi a bakin ƙofa. Amma in kika shiga ɗakin, abin da zai zaunar da ke shi ne rubuta daidai abin da likita ya faɗa, da kuma kama bakinki a kan abin da kika gani. Bari in yi miki bayani dalla-dalla, masu karatu kuma su yi mana alƙalanci.

Da farko dai ya kamata mu san yadda aikin yake a ƙasarmu. A Amurka da Ingila an daɗe da al'adar likita ya gama duba majiyyaci ya ɗauki rakoda ya faɗi abin da ya gani, a kai wa mai bugawa. Mu a nan yawancin likitocinmu da hannu suke rubutu cikin fayil ɗin majiyyaci, ko kuma su shigar da kansu cikin kwamfuta a asibitocin da suka kai ga haka. Duk da haka akwai takardun da tilas a buga su tsaf kafin su fita: sakamakon hoton ƙirji da na ciki, sakamakon gwajin tsokar da aka yanko a ɗakin tiyata, takardar tura majiyyaci wani asibiti, rahoton da kotu ko 'yan sanda ko wurin aiki suka nema, da takardar da mai neman magani a ƙasar waje zai tafi da ita. Jos kuwa gari ne na asibitoci. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda ya tashi daga tsohon mazauninsa na titin Murtala Muhammed ya koma Lamingo. Ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga na Jankwano, ga na OLA, ga kuma ƙananan asibitocin kuɗi da wuraren ɗaukar hoto barkatai. A bayan kowace takarda da ta fito daga waɗannan wurare akwai wani bawan Allah da ya zauna ya buga ta, wanda ba a sa sunansa a ƙasa, ba kuma wanda ke tunawa da shi sai ran da aka sami kuskure.

Yanzu sai batun sauri. A zamanin tafireta, iyayenmu da suka yi aikin akawu sun san jarrabawar RSA da ta Pitman waɗanda ake aikowa daga Ingila, sun kuma san matakan nan na kalma 25, da 35, da 50 a minti, waɗanda da su ake ɗaukar mai buga tafireta a aikin gwamnati, da su kuma ake yi masa ƙarin girma. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a wannan lissafi ba ainihin kalmomi ake ƙirgawa ba. Kowane bugu biyar shi ne kalma ɗaya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Sa'an nan mai gwaji na gaskiya yakan cire maki a kan kowane kuskure, ya ba ka abin da ya rage. Saboda haka, ƙanwata, kafin ki yi alfahari da 40 ɗinki, ki tambayi malaminki ko kafin a cire kurakurai ne ko bayan an cire.

Kada wani ya ce miki sauri banza ne. Ga lissafi mai sauƙi. Mu ɗauka rahoto ɗaya kalma 300 ne, kuma akwai rahoto 40 a kan tebur. Mai buga kalma 35 a minti zai ci sa'a biyar da minti arba'in da 'yan kai kafin ya gama, in har bai ɗaga kai ba. Mai buga 70 kuwa zai gama cikin abin da bai kai sa'a uku ba. Wannan tazara ita ce tsakanin majiyyacin da ya karɓi takardarsa yau da wanda aka ce masa ya dawo jibi. Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, amma ai sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya zo daga Mangu ko Shandam da kuɗin mota na aro, dadewar nan ba ƙaramin abu ba ce gare shi. A ƙasashen da ake biyan mai bugawa bisa yawan layukan da ya buga, inda aka saba lissafa bugu 65 a matsayin layi ɗaya, saurin hannu shi ne abincinsa kai tsaye.

Amma fa buga abin da kake gani a takarda daban, buga abin da kake ji da kunne daban. Mu 'yan jarida mun san wannan sarai. In na yi hira ta sa'a ɗaya da wani, nakan ci kamar sa'a huɗu kafin in mai da ita rubutu, alhali kuwa hannuna ba ya da nawa. Dalili shi ne mutum yana magana da saurin da ya kai kalma 130 zuwa 150 a minti, yana haɗiye wasu kalmomi, yana komawa baya ya gyara, ga hayaniya a gefe. Shi ya sa masu wannan sana'a ke aiki da abin saurare a kunne da kuma wani abin takawa a ƙasa kamar na keken ɗinki, su taka magana ta tafi, su ɗaga ƙafa ta tsaya, su koma baya su sake ji. Yawancin lokacin da ke tafiya, a wajen tsayawa da komawa baya da duba ƙamus yake tafiya. Wanda ya san kalmomin likita yana ji sau ɗaya ya wuce. Wanda bai sani ba, ko da yatsunsa sun fi walƙiya, zai koma baya sau biyar a kan kalma ɗaya, daga ƙarshe ma ya buga ta ba daidai ba. Ashe ke nan saurin da ake nema rabinsa a kunne yake da ƙwaƙwalwa.

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ƙaramar alama ke jawowa ba. Ƙugiya ɗaya ce ta raba ƙasa da kasa, ita ce kuma ta raba baƙi da baki. In aka yi irin wannan a jarida, sai a yi dariya, mako mai zuwa a nemi gafara. A takardar likita kuwa abin ya wuce dariya. Akwai magani mai suna chlorpropamide, na ciwon sukari, akwai kuma chlorpromazine, na taɓin hankali, in likita ya faɗe su da sauri sai mai kunnen ƙwarai zai rarrabe. Ƙaramin ɗigon da ke cikin 0.5 in ya ɓace, sai maganin ya ninka goma. Miligiram da maikurogiram, tsakaninsu ninki dubu ne. Wannan ya sa tun shekarar 2004 hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta fitar da jerin gajerun alamomin da ta hana a rubuta, ciki har da harafin U da ake sawa a madadin awon insulin, domin in hannu ya karkace sai a karanta shi sifiri.

Ga abin da ya faru a Jihar Alabama ta Amurka a shekarar 2008. An sallami wata mata mai ciwon sukari daga asibiti zuwa wani gidan jinya. Likitanta ya faɗa cikin na'ura cewa a riƙa yi mata allurar insulin awo 8. Asibitin ya ba wani kamfani kwangilar buga bayanansa, aikin kuma ya bi hannu-hannu har ya kai ƙasar Indiya, inda aka buga 80. Aka yi aiki da takardar tun likita bai duba ya sa hannu ba. Aka yi wa matar allurar, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ta rasu. A watan Disamba na 2012 ne kotu ta yanke diyyar dala miliyan 140. Sifiri ɗaya tak, wanda buga shi bai ɗauki ƙiftawar ido ba. To, ina amfanin kalma 80 a minti in ɗaya daga cikinsu ita ce wannan?

Akwai wani lissafi kuma da nake so ƙanwata ta riƙe. A makaranta in yaro ya ci 98 cikin 100, har kyauta ake ba shi. Amma a rahoto mai kalma 300, cin 98 cikin 100 ma'anarsa kalma shida ba daidai ba. In Allah Ya taimaka suka faɗa a kan kalmomin da ba su da nauyi, shi ke nan. In kuwa ɗaya ta faɗa a kan sunan magani, ko adadi, ko kalmar “babu” ta faɗi daga jimlar da ke cewa babu alamar ciwon daji, to an shiga uku.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarun baya na raka gwaggona wani asibiti a garin nan aka ɗauki hoton cikinta, za mu tafi da sakamakon wurin wani likita a wani gari. Kwana uku muna zarya daga Bukur, domin ma'aikaciya ɗaya ce ke buga sakamakon sashen duka, ga fayil tuli a gabanta, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa. Ran da takardar ta fito, likitan da zai sa hannu ya karanta, ya tsaya, ya sake karantawa, sai ya mai da ita. An buga hagu a inda ya ce dama. Na fusata a lokacin, amma da na leƙa ɗakin na ga yawan abin da ke jiranta da mutanen da ke tsaye a kanta kowa na cewa a yi masa nasa, sai fushina ya koma kan wanda ya ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum uku. Allah Ya saka wa likitan nan da alheri da ya karanta kafin ya sa hannu. Da irin masu sa hannu ido a rufe ne, da sai dai wani labarin.

Mutanen Jos, fiye da kowa, ya kamata mu san darajar bayanin asibiti da aka rubuta da kyau. A watan Janairu na 1969 wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na SIM a nan Jos, ta rasu. Nas Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta birnin New York, ta rayu, aka kuma gano ƙwayar cutar a Jami'ar Yale. Jinin da aka aika shi ya nuna ƙwayar, amma abin da ya koya wa likitocin duniya yadda za su gane cutar a jikin mutum shi ne bayanin da aka rubuta a bakin gadon majiyyata: yaushe zazzaɓi ya fara, yaushe maƙogwaro ya yi miki, me aka ba su, me ya biyo baya. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a asibitin Evangel, wanda muke kira Jankwano, yanzu kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu na shekarar. Masu binciken da suka zo daga baya sun bi bayanan asibitin suka ga cewa da yawa daga waɗanda suka kamu sun haɗu ne da wata majiyyaciya guda a ɗakin da aka kwantar da ita. Har yau zazzaɓin Lassa yana kashe mutane a Nijeriya kowace rani, kuma farkon abin da duniya ta sani game da shi daga fayil-fayil na garin nan ya fito. Wanda ke buga takardar likita bai san ranar da takardarsa za ta zama irin wannan ba.

Sai batu na gaba, watau amana. Mai buga bayanin likita yana ganin abin da miji bai gaya wa matarsa ba, da abin da 'ya ba ta gaya wa uwarta ba. Jos kuwa duk girmanta ƙaramin gari ce, sunan da ke kan fayil yana iya zama na maƙwabcinki ko na mai neman auren ƙawarki. Kalma ɗaya a gidan biki ta isa ta kashe aure ko ta raba mutum da aikinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne, ta kuma tanadi ɗauri har na shekara biyu ko tara ga wanda ya yi wa bayanan asibiti coge ko ya kwafe su ba da izini ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ita ma ta sa lafiyar mutum cikin bayanan da ake tsananta tsaronsu. A shekarar 2003 wata mai wannan aiki a birnin Karachi na Pakistan, wadda ɗan kwangila ya riƙe wa kuɗinta, ta aika wa asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco saƙo cewa in ba a biya ta ba za ta baza bayanan majiyyatansu a intanet. Wannan ya nuna abu biyu: sirrin dubban mutane yana hannun ƙaramin ma'aikaci, kuma wanda ya danne haƙƙin ƙaramin ma'aikacin nan da wuta yake wasa. A nan ne nake jan kunnen masu ɗaukar rahoton asibiti su kai shagon buga takardu na bakin titi, inda za a bar shi cikin kwamfutar da kowa ke taɓawa.

Game da dalar Turawa kuwa, ƙanwata, gara in gaya miki gaskiya ko da ba daɗi. An yi zamanin da asibitocin Amurka ke tura wannan aiki Indiya da Filifin, daga shekarun 1990 zuwa na 2000, saboda arha da kuma bambancin lokaci, likita ya yi magana da yamma ya tarar da takarda da safe. Yanzu na'urar da ke jin magana ta rubuta da kanta ta cinye kaso mai yawa na aikin, har ofishin ƙididdigar ma'aikata na Amurka yana hasashen guraben za su ci gaba da raguwa. Saboda haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗin rajista zai haɗa ki da aikin dala, ki riƙe jakarki da kyau.

Sai dai na'urar ba ta kori mutum ɗungurungum ba, ta dai canza masa kujera. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Network Open a 2018 ya duba rahoto 217 a Amurka, ya tarar na'ura tana kuskuren kalma 7 da 'yan kai cikin kowace 100, amma bayan mai bugawa ya bi ya gyara sai kuskuren ya koma ƙasa da rabin kalma cikin 100. A 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa wata na'urar mai suna Whisper, wadda wasu asibitoci ke aiki da ita, takan ƙirƙiro jimlolin da ba wanda ya faɗe su. In haka take yi da Turancin masu ita, yaya za ta yi da Turancin likitan da ya tashi a Fankshin ko Azare, yana ambaton sunayen Birom da Angas da Fulani, yana kawo abin da majiyyaci ya faɗa da Hausa? Akwai 'yan Nijeriya da suka tashi haiƙan a kan wannan, irin su kamfanin Intron Health da ke koya wa na'ura jin lafazin mutanen Afirka. Amma ko ta ƙware, sai an sami mai bin bayanta. Aikin gobe na mai gyara ne, mai gyara kuwa da ido da sani yake aiki.

To, ga shawarata. Kada ki ƙara biyan ko kwabo don neman sauri kawai. Kalma 40 ta isa a fara da ita, in kina zama kullum rabin sa'a kina bugawa da yatsu goma ba tare da kallon hannunki ba, za ki ga kin doshi 55 ko 60, wannan kuwa ya wadatar a kowane ofis na asibiti. Ki fara neman daidai, sauri zai biyo baya da kansa, amma wanda ya saba da kuskure da wuya ya rabu da shi. Kuɗin mahaifiyarki ki kai su inda za a ba ki takardar shaidar da ake ganewa. Akwai kos na adana bayanan lafiya a makarantun koyon aikin asibiti, akwai kuma na aikin sakatare a kwalejojin fasaha. Muna da Kwalejin Koyon Aikin Lafiya a Fankshin, muna da ta fasaha a Barikin Ladi, ki je da ƙafarki ki tambaya. Kafin ki biya ko'ina, ki tabbata Hukumar Rajistar Jami'an Adana Bayanan Lafiya ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka ta 39 ta 1989, ta amince da kos ɗin. Ki gyara Turancinki, ki nemi ƙamus na likita, ki san sunayen gaɓoɓin jiki da na magungunan da aka fi rubutawa. In kuma kin fara aiki kika ji kalmar da ba ki gane ba, ki bar gurbinta ki sa alama ki tambayi likita, ko da zai ɗaure fuska. Gurbin da aka bari kowa zai gan shi ya cike, amma kalmar da aka cusa bisa zato tana iya wucewa ba wanda ya lura.

Ga shugabannin asibitocinmu kuma, na gwamnati da na kuɗi, kamata ya yi ku daina ɗaukar ɗakin buga takardu kamar wurin ajiye wanda ba a san inda za a kai shi ba. Ku ɗauki isassun ma'aikata, ku koya musu kalmomin aikin, ku ba su wutar da ba ta yankewa, ku biya su a kan kari. In za ku gwada mai neman aiki, bayan kun duba agogo ku kuma ƙirga kurakurai. Likitoci kuma, don Allah, ku karanta kafin ku sa hannu, domin sunanku ne a ƙasan takardar, ran mutum kuma a samanta.

Ƙanwata, ki gai da mahaifiyarki, Allah Ya sa wa sana'arta albarka. In kin sami gurbin karatun ki rubuto ki gaya mana. Masu karatu kuma da ke wannan aiki, musamman dattawan da suka yi zamanin tafireta a asibitocinmu, filin nan a buɗe yake gare ku.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.